Bakin da ya sauko da ilimi tsakar gida

A watan Maris na 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, waɗanda suka fito bibiyar sanƙarau, suka tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Da aka auna jini sai aka ga gubar dalma ce, daga dutsen zinariyar da ake kawowa gida a daka a niƙa. Yara fiye da 400 suka rasu.

Gano gubar aikin ɗakin gwaji ne. Amma takardar sakamako ba ta hana yaro cin ƙasa. Sai da aka samu masu ilimin da suka tsuguna a tsakar gida suka yi wa uwa bayani da kalmomin da take dafa tuwo da su. Waɗannan mutane suna burge ni ƙwarai. Gwani a cikinsu ba ya farawa da lambobi. Turmi zai nuna mata, ya shafa ƙurar da ta kwanta a bakinsa, ya ɗaga yatsa ta gani, sannan ya waiwayi ɗanta mai rarrafe yana kai hannu baki. Zai ce a fitar da daka daga gida, maigida ya wanke jiki ya sauya riga kafin ya ɗauki yaro. Ba zai ce a bar haƙa ba, don ya san da ita ake ci. Kuma kafin ya shiga, ya biya ta wurin hakimi da liman ya gaishe su, ya saurari abin da gari ke cewa.

Wannan rabin gwanintar ke nan. Ɗaya rabin na alƙalami ne. Garin Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, ya daɗe yana jiran magani, domin maganin fitar da dalma ba ya amfani idan yaro zai koma wasa a gurɓatacciyar ƙasa. Dole a kankare ta sama a zuba sabuwa tukuna. Cikin 2012 ɗan fafutuka Hamzat Lawal da abokansa suka kai maganar intanet a taƙaice, yadda mai mulki ba zai ce bai gane ba: ga gari, ga yara, ga kuɗin da aka yi alkawari. Farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin, aka share garin.

Yankin ba baƙo ba ne ga wannan baiwa. Shehu Abubakar Mahmud Gumi ɗan Gummi ne. Ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, tafsirinsa a Rediyon Kaduna ya shiga zaurukan da littafi bai taɓa shiga ba.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibinmu na digiri na biyu a Gusau ko Sakkwato zai shekara yana haɗa kundi, ya kare shi gaban farfesoshi, amma kawunsa ya tambaye shi me ya gano, sai ya shiga in-ina. Gobe kuwa aiki zai sa shi gaban manoma da safe, gaban kwamishina da yamma.

Ɗalibi, kafin ka kai kundinka ɗauri, zauna da gyatumarka ka faɗa mata abin da ke ciki cikin minti 5. Inda ta yamutsa fuska, koma ka sake rubuta wurin.