Ruwa a Bayan Jaruma: Masunta da Kyamarar Kannywood

A shekarar 2014 wani darakta ɗan Rasha, Andrey Zvyagintsev, ya fitar da fim mai suna Leviathan. An ɗauki wani ɓangare nasa a Teriberka, ƙauyen masunta da ke gaɓar tekun Barents, can ƙuryar arewacin ƙasar. Labarin wani makanike ne da magajin gari ya ƙwace masa gida. Amma abin da ya fi zama a zuciyar mai kallo shi ne garin: gidajen da aka yasar, da jiragen kamun kifi da suka ruɓe a bakin ruwa tun da sana'ar ta koma manyan tashoshi. Kafin jarumin ya buɗe baki, wurin ya riga ya faɗi irin ƙarshen da ke jiransa.

Mu a Bici ba mu da teku, amma muna da ruwa. Madatsar Watari tana nan maƙwabtanmu a Bagwai, ga kuma Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo, a kudancin jihar. A bakin kowacce akwai masunta, da Sarkin Ruwa, da mata masu suya da banda. Masu shirya finafinan Hausa sun san hanyar Tiga sarai, sun sha zuwa. Sai dai me suke ɗaukowa? Yawanci waƙa da rawa. Jaruma ta sauya kaya sau uku, ruwa yana ƙyalli a bayanta, mai kwale-kwalen da aka ɗauka haya kuwa an umarce shi ya kauce wa kyamara. Da za a cire tafkin a rataya labule shuɗi, babu abin da labarin zai rasa. Wannan shi ne laifin da nake gani, kuma ya fi na rawar da ake ta cece-kuce a kanta girma.

In kuwa an shiga ƙauye, to dariya aka zo nema. Marigayi Rabilu Musa Ibro gwani ne, ban musa ba, amma masu kwaikwayonsa sun mayar da baƙauye wawa mai yagaggiyar riga.

Alhali labari yana nan jibge. Gonakin da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi, ina magadansu? Mai taru da mai ƙugiya suna rigima a kan gurbi. Masunci yana karɓar bashin dillali tun kifi yana cikin ruwa. Mai noman rani yana so a saki ruwa, masunci yana so a riƙe. Ga yaron da ya ƙi gadon homa ya tafi Kano tuƙin adaidaita sahu. Kowanne daga ciki ya isa fim, ba sai an ari soyayyar Indiya ba.

Akwai kuma hakki a ciki. Wasu mutanen Teriberka sun yi ƙorafin cewa an nuna su a matsayin mashaya marasa makoma, ko da yake fim ɗin ya jawo musu 'yan yawon buɗe ido daga baya. Su dai an gan su, har suka sami abin musantawa. A 2016 an yi ta ja-in-ja kan alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, har aka soke ta. Masana'antar ta yi kukan rashin wurin ɗaukar fim, ga Tiga da masuntanta a tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga filin da aka ware.