Jigon Shari'a da Hukuncin Gayya a Fim ɗin "The Ox-Bow Incident"

Finafinan kaboyi da aka saba nunawa a gidajen silima na Kano, irin su Rex da Palace, zubinsu ɗaya ne: jarumi ya kashe mugu, 'yan kallo su tafa. Fim ɗin da William Wellman ya shirya a 1943, daga littafin Walter Van Tilburg Clark na 1940, ya saɓa wa wannan zubi.

Labarin ya faru ne a Nebada ta Amurka a 1885. An kawo rahoton cewa ɓarayin shanu sun kashe wani makiyayi, Kinkaid. Mutanen gari suka yi gayya, mataimakin shugaban 'yan doka ya rantsar da su, alhali ba shi da wannan iko. Suka iske mutum uku da shanun Kinkaid. Babbansu, Martin, ya ce saye ya yi, amma ba shi da takardar ciniki. Mutum bakwai kaɗai suka nemi a kai su gaban alƙali. Da asuba aka rataye su, sa'annan labari ya zo cewa Kinkaid yana da rai.

Batun takardar nan shi ne ya fi dacewa mu tsaya a kansa. Mai karatu daga Karaye ko Rogo, inda shanu ke ƙetara iyakar Katsina da Kaduna, ya san cewa sau da yawa shaidar cinikin sa ita ce bakin dillali da la'adar da aka biya. Idan aka tare mutum da dare, nesa da kara, da me zai kare kansa? Fiƙihun Malikiyya ya ɗora hujja a kan mai ƙara, ya sanya shubuha ta kawar da haddi, ya kuma bar zartarwa ga hukuma. Gayyar fim ɗin ta juya ukun duka.

Sai dai a ganina fim ɗin ya raunana hujjarsa da kansa. Da ya wanke mutanen nan uku, sai ya bar ɗan kallo da zaton cewa aibin gayya kuskure ne kawai, wato da an dace da ɓarayin ainihi da ba laifi. Irin wannan zato ne ya sa, bayan kisan matafiya 16 'yan Arewa a Uromi a Maris 2025, muhawara ta karkata ga ko mafarauta ne ko masu garkuwa, kamar amsar ce za ta halatta ƙona mutum. Wasiƙar Martin da Henry Fonda ya karanta a ƙarshe ma wa'azi ce da aka liƙa. Clark bai bayyana abin da ke cikinta ba. Inda fim ɗin ya yi ƙarfi shi ne wajen ɗan Meziko da Anthony Quinn ya fito a matsayinsa: ya ɓoye sunansa, an sami bindigar Kinkaid a jikinsa, duk alamu sun nuna shi, kuma duk da haka babu wanda ya gan shi ya kashe kowa.