Sanchin: Numfashin da Ke Zama Sulke

Wanda ya saba da karaten fina-finai, na tsalle da shurin sama, in ya ga mutumin Okinawa yana yin Sanchin sai ya rantse ba faɗa yake koyo ba. Ga shi tsaye ba riga, ƙafa ɗaya ta ɗan wuce ɗaya, yatsunta sun karkato ciki sun damƙi ƙasa. Ya ja ƙafa kamar mai zana jinjirin wata, ya miƙa naushi sannu a hankali kamar mai tura ƙofar da ta cije. Kusan iyakar motsin ke nan.

Amma a kan wannan kata, wato jerin motsi da ɗalibi ke haddacewa, Chojun Miyagi, wanda ya rasu a 1953, ya kafa salonsa na Goju-ryu, ma'ana tauri da taushi. Ya karɓe ta daga malaminsa Kanryo Higaonna, wanda ya yi nasa almajirancin a birnin Fuzhou na ƙasar Sin.

Gwanintar tana cikin numfashi. Idan hannu zai dawo kwiɓi, a shaƙi iska ta hanci, a tura ta can ƙasan cibiya ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba. Idan naushi zai fita, iska ta biyo shi ta baki da ƙara mai kama da zugar maƙeri, su ƙare tare daidai wa daida, ciki ya ɗaure tamau. Wanda iskarsa ta riga naushinsa ƙarewa ya zama fanko, ko yaro ya ture shi.

Malami kuwa ba ya yarda da abin da ido ya nuna masa. Sai ya zagaya bayan ɗalibi, ya daddage ya sauke masa tafuka a kafaɗu, ya matsa cinya, ya taɓa gadon baya, ya tare naushin da tafin hannu. Shime suke ce wa wannan gwaji. Ni dai nan ne abin ya fi burge ni: kafaɗa ta yi jawur, amma numfashin bai ko girgiza ba.

Akwai kuma kayan ƙarfafa jiki, dutse mai ƙota da ake kira chishi, da tuluna biyu da ake damƙa ta baki da yatsu a yi taku da su. Tulun a wofi ake fara ɗaukarsa. Sai yatsu sun yi ƙwari ake zuba masa yashi, kaɗan-kaɗan.