Gawar da Jagger ya shimfiɗa a tsakiyar Landan

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, gwamnatin Birtaniya ta tsaya kan cewa ba za a dawo da gawar soja gida ba. Inda mutum ya faɗi, a Faransa ne ko Beljiyam ko Turkiyya, can za a binne shi, in ma an ga gawar ke nan. Uwa a wani ƙauyen Ingila ta rasa ɗa, ta kuma rasa kabarin da za ta ziyarta. Wannan rashi ne ya sa kusan kowane gari da coci da makaranta da kamfani suka tara kuɗi suka kafa dutsen tunawa da nasu mamatan, har sassaƙa irin waɗannan duwatsu da mutum-mutumin da ake ɗorawa a kansu ya zama sana'a mai cin gashin kanta.

Sana'ar ta zo da al'adarta tun daga Girka da Rum. Masassaƙi ya kan ɗora wata mace mai fukafukai riƙe da ganye a matsayin nasara, ko saurayi tsirara da takobi a matsayin jarunta. In soja ne, to a wanke yake fes, kai sunkuye, bindiga kife. Manufar ita ce a sanyaya zuciyar masu makoki, kuma ban ga laifin wannan niyya ba. Sai dai waɗanda suka kwana cikin ramuka da taɓo da ɓeraye sun san ba haka yaƙin yake ba, kuma Charles Sargeant Jagger yana cikinsu.

An haife shi a 1885 a Kilnhurst, yankin haƙar kwal na Yorkshire. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon zane a jikin azurfa a kamfanin Mappin & Webb da ke Sheffield, daga nan ya shiga makarantar zane, ya wuce Landan ya yi karatu a hannun Edouard Lanteri. A 1914 ya ci kyautar zuwa Rum ƙaro ilimi, abin da kowane matashin masassaƙi ke mafarki, sai yaƙi ya ɓarke, ya ajiye kyautar ya shiga soja. An harbe shi a kafaɗa a Galifoli a 1915, ya warke ya koma fagen daga, aka sake ji masa mummunan rauni a 1918, ya kuma sami lambar yabo ta Military Cross. Saboda haka da ya koma kan yumɓu da tagulla, ba labarin wani yake bayarwa ba.

A tashar jirgin ƙasa ta Paddington akwai mutum-mutumin sojan da ya yi a 1922, wanda kamfanin jirgin ya sa a yi don ma'aikatansa da suka mutu. Sojan ba ya harbi, ba ya fareti. Yana tsaye ne da ƙatuwar rigar sanyi rataye a kafaɗa, hular kwano ta koma ƙeya, wuyansa naɗe da mayafin ulu irin wanda ake saƙawa a gida, idonsa na kan wasiƙar da ya buɗe. Duk wanda ya taɓa zaman nesa da gida ya san wannan tsayuwar. Mutumin ba kyakkyawa ba ne, hannuwansa manya ne, na ma'aikaci. Jagger bai yarda ya rage wa sojojinsa kaya ba: takalmi mai nauyi, ɗamara, jaka, duk sai ya sa, don nauyin kayan shi ne rabin labarin.

Babban aikinsa shi ne na rundunar igwa, a mahaɗar Hyde Park Corner, wanda aka buɗe a watan Oktoban 1925 don tunawa da mutum 49,076. Shi da mai zanen gini Lionel Pearson suka ɗora ƙatuwar igwa a sama, an sassaƙa ta da farin dutse, har ta fi ta gaske girma. A jikin ginin akwai zanen da aka fafe a dutse na mutane suna jan igwa cikin taɓo, salon da ya ɗauko daga sassaƙar Assuriyawa ta dā. Sa'an nan ga mutum huɗu na tagulla. Akwai hafsa, akwai mai kora dawakin igwa da ya jingina da bango ya ware hannuwa, rigar ruwansa ta zubo, gajiya ta gama da shi. Akwai mai ɗaukar harsasai, an rataya masa su a cinyoyi, ya buɗe ƙafa kamar ɗan dako da aka ɗora wa buhun da ya fi ƙarfinsa.

Na huɗun shi ne ya tayar da ƙura. A gefen arewa, daidai inda mai wucewa zai iya miƙa hannu ya taɓa, Jagger ya shimfiɗa gawa. An lulluɓe ta da rigar sanyi, an ajiye hular kwano a kan ƙirji, takalma sun leƙo, hannu ɗaya ya fito a sake. Fuskar a rufe take, sai ɗan gefen muƙamuƙi. A lokacin yaƙin hukuma ba ta barin a nuna gawar sojan Birtaniya. A 1918 an hana mai zane Nevinson baje wani hotonsa saboda haka. Daga baya ne Jagger ya shigo da wannan gawa cikin tsarin, wasu 'yan kwamitin suka ƙi, ya kafe. Bayan buɗewa jaridu suka cika da wasiƙu, wasu na cewa an fama wa iyaye miki. Tsofaffin sojoji da yawa kuwa suka ce yanzu ne aka faɗi gaskiya. A wannan mahaɗa, a wannan shekara, aka buɗe abin tunawa da rundunar bindiga mai sarrafa kanta, wanda Derwent Wood ya yi: saurayi tsirara, sumul, riƙe da takobi. Tafiyar minti ɗaya ce tsakanin ayyukan biyu, kuma a ganina na Jagger ne ya girmama mamatan, domin bai ɓoye abin da ya same su ba.

Duk da haka gaskiyarsa tana da iyaka. Gawar tasa cikakkiya ce, babu jini, babu gaɓar da ta tsinke, alhali igwar da ke samanta gunduwa-gunduwa take yi da mutane, shi ya sa dubban sojoji ba su da kabari. Sojojinsa masu rai duk ƙarfafa ne, ba ka ganin wanda tsoro ya zautar. Kuma ba adawa da yaƙi yake ba, yana alfahari da rundunar. Abin da ya yi shi ne ya tura al'adar har bakin inda masu biyan kuɗi za su iya jurewa. Ya rasu a 1934 yana da shekara 48, ciwon huhu ya ɗauke shi.

Akwai wata iyakar da ta fi wannan ciwo, ko da yake ba a wuyan Jagger take ba. A wannan yaƙin, sojojin Nijeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, aka kuma kwashe su zuwa Gabashin Afirka, tare da dubban 'yan dako da cuta da yunwa suka kashe. Daular da ta dage sai an rubuta sunan kowane Baturen soja a dutse, ko an ga gawarsa ko ba a gani ba, ba ta yi wa yawancin waɗannan haka ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba, kuma adadin zai iya kaiwa 350,000. Sakataren tsaron Birtaniya ya miƙe a majalisa ya nemi gafara, shekara ɗari da 'yan kai bayan mutuwarsu.