Bege, Sama da Rumbu: Nazarin Kalmomin Littattafan Bimbini na Kirista a Ƙasar Galma

1. Gabatarwa

Galma Kudawace ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madawa, cikin jihar Tawa. Mutanenta manoma ne: hatsi da damina, albasa a garake da rani. Galibinsu Musulmi ne, Kiristocin wannan yanki kuwa ƴan kaɗan ne ƙwarai. Duk da haka rubutun Kirista cikin Hausa ba baƙo ba ne a nan. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927, sa'an nan a 1950 suka buɗe asibitin Galmi, inda mutanen ƙasashen Madawa da Buza da Keita suke zuwa neman magani har yau. Ta wannan hanya Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da ƙananan littattafan bimbini, wato na tunani da nasiha ga mai ibada, suka shigo hannun mutane.

Wannan maƙala ba ta shiga gardamar addini ba. Abin da za a duba shi ne yadda waɗannan littattafai suke faɗin abu biyu da suka fi yawan maimaitawa, wato abin da ya kamata mutum ya sa gaba a rayuwarsa, da kuma makomar da yake jira bayan mutuwa. Batun ya shafi masu tsara aikin yaƙi da jahilci, domin wanda ya fito daga ajin manya abin da ya samu yake karantawa, kuma takardun addini suna cikin ɗan abin da yake isa ƙauye da rubutun boko.

2. Inda Hausar ta fito

An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Sabon juyi ya fito a Nijeriya a 1979. Mafi yawan littattafan bimbini su ma daga can suke zuwa, musamman daga Jos, inda Hausa take harshe na biyu ga yawancin masu zuwa majami'a. Mai karatu a Galma yana cewa “shina” inda takarda ta ce “yana”, amma wannan bambancin kari bai hana shi fahimta ba. Rubutu ma ya daidaita tun bayan taron Yamai na 1980, aka bar ninka dogon wasali irin na taron Bamako na 1966. Matsalar da ta rage ta ma'ana ce.

Dalili kuwa shi ne, kalmomin duniya da makoma ba a sake mai wa'azin Kirista ya tarar da su ba. A Marata, cikin wannan yanki, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma waƙoƙin wa'azi da jama'arsa suka yaɗa, irin su Tabbat Haƙiƙa wadda Nana Asma'u ta juya zuwa Hausa, sun daɗe da zaunar da ma'anar duniya da lahira da guzuri da hisabi a kunnen Bahaushe. Duk wanda ya zo daga baya da wani saƙo, da waɗannan kalmomi zai yi ciniki, ko ya so ko ya ƙi.

3. Bege

Kalmar Girkanci da Sabon Alkawari yake amfani da ita, wato elpis, jira ce ta abin da ba a gani ba tukuna amma aka tabbata yana tafe. Faransanci ya rarrabe espoir na yau da kullum da espérance na addini. Hausa kuwa tana da kalmomi aƙalla huɗu a wannan fage, kowace da nata nauyi:

(a) Yana fata a yi ruwa gobe.
(b) Yana tsammanin za a yi ruwa gobe.
(c) Ya sa rai ga ruwan gobe.
(d) Yana begen gida.

A (a) so ne kawai, ba tabbas. A (b) lissafi ne na hankali, ba lalle da so ba. A (c) so da jira sun haɗu. Amma (d) dabam take: ba a begen ruwan gobe. Bege ƙawa ce ta abin da aka sani, ake ƙauna, aka kuma yi nesa da shi, shi ya sa waƙoƙin yabon Annabi ake kiransu waƙoƙin bege. Juyin 1932 bege ya ɗauka, juyin 1979 ya koma ga “sa zuciya”, wadda ta fi kusa da (c). Sai dai bakin jama'a bai bi gyaran ba: a waƙa da addu'a da littattafan bimbini bege ce ta zauna, har ta zama sunan yanka.

Hukunci a nan kashi biyu ne. Inda marubuci yake nufin tabbacin alkawari, ya ce mai bi yana da bege ko kuwa wane ba shi da bege, jimlar Hausar majami'a ce; manomin Galma da bai tashi cikinta ba zai tambaya, begen wa? Amma inda ake kwatanta mai bi da baƙo wanda gidansa yake wani wuri, kamar yadda yake a sura ta 11 ta wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, babu kalmar da ta kai bege dacewa. Ƙasar Adar ƙasar ƴan cin rani ce. Da an gama girbi samari da magidanta suke kama hanyar Nijeriya ko Abijan ko Libiya, kowa kuwa ya san yadda zuciyar baƙo take komawa gida da dare. Shafukan da suka fi rai a cikin waɗannan littattafai su ne waɗanda suka bar bege a kan ma'anarta ta asali.

4. Sama, lahira da aljanna

Littattafan bimbini suna cewa mai bi zai tafi sama, ladansa yana sama, Bisharar Matiyu kuma tana maganar Mulkin Sama. Girkanci da Faransanci duka suna da kalma guda ga sararin da ake gani da kuma mazaunin Allah, masu juyi sai suka bi wannan sawu. Amma ga Bahaushen da ya yi makarantar allo, sama ita ce inda hadari yake haɗuwa, ko kuwa sammai bakwai da aka ratsa daren Mi'iraji, ko inda aka ɗauke Annabi Isa da ransa. Ba a ce mamaci ya tafi sama. Cewa ake ya riga mu gidan gaskiya, a roƙa masa aljanna.

Kalmar lahira ta fi wannan rikitarwa. A bakin jama'a lahira ita ce duk abin da yake bayan mutuwa, da wuta da aljanna, kuma ita ce kishiyar duniya. Juyin 1979 kuwa a wurare da dama cikin Tsohon Alkawari ya yi amfani da ita a madadin She'ol na Ibrananci, wato ramin matattu mai duhu. Sakamakon haka marubucin Kirista ya rasa tagwayen kalmomin da Hausa ta fi iya wa'azi da su, duniya da lahira, ya maye su da duniya da sama, waɗanda ba su yi daidai a awo ba.

Aljanna kuma yawancin marubutan suna kauce mata, don gudun kada mai karatu ya jawo siffofin da Musulunci ya ba ta. Ana iya gane wannan tsoro, amma an yi hasara. Asalin kalmar a Larabci lambu ne. Firdausi ma, wadda juyin 1979 ya yarda da ita a sura ta 23 ta Bisharar Luka, daga kalmar Farisa ta lambu mai katanga ta fito. Sura ta ƙarshe ta Wahayin Yahaya da kogi da itace mai ƴaƴa take kwatanta makoma. Ga mutumin da yake jan ruwa daga rijiya yana ban ruwan albasa cikin zafin bazara, kwatancin garka wadda ruwanta ba ya ƙafewa ya fi sama kusa da ganewa nesa ba kusa ba. Ke nan an guje wa kalmar da ta fi kusa da nassin da ake fassarawa.

5. Rumbu

A kan abin da ya kamata a sa gaba, nassoshi biyu ake yawan jawowa: sura ta 6 ta Matiyu, inda aka hana tara dukiyar da take lalacewa aka kuma ba da misalin tsuntsaye da ba su da rumbu, da sura ta 12 ta Luka, labarin mai arzikin da ya rushe rumbunansa don ya gina manya, ransa kuwa aka karɓa a daren. Bayanin da littattafan suke bi da shi na mai albashi ne a birni: mota, ajiyar banki, neman muƙami. Idan aka karanta shi a ƙauyen Galma, mota da banki sai su faɗi, rumbu kaɗai ya rage.

Nan ne haɗarin yake. Wannan ƙasa ta ga yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 zuwa 1985, da ƙarancin abinci na 2005. Aikin raya ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984, da hannun mata aka yi mafi yawansa, domin maza sun tafi neman abin da za a ci. A irin wannan wuri, mai gidan da ya ajiye damman hatsin da za su kai iyalinsa kaka ba mai son duniya ba ne, mai hankali ne. Nasihar da ta ce kawai kada a tara, kada a damu da gobe, ko dai a yi watsi da ita, ko kuwa ta zama zargi ga wanda ya cancanci yabo.

Hausa tana da abin da za a warware wannan da shi. Tanadi da tattali suna gefe guda, haɗama da rowa da ɓoye hatsi don jiran tsada suna ɗaya gefen, wadar zuci kuma tana tsakani. Laifin mai arzikin nan na Luka haɗama ce, ba tanadi ba. Labarin Yusufu da ajiyar hatsi ta shekara bakwai yana cikin sura ta 41 ta Littafin Farawa, kuma kowane almajiri ya san shi daga Suratu Yusuf. Littafin bimbini da ya ajiye labaran nan biyu kusa da juna zai faɗi abin da yake nufi ba tare da ya ci mutuncin manomi ba. Karin magana ma a shirye take: wanda ya ce duniya budurwar wawa ce bai taɓa nufin a bar noma ba.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya cewa waɗannan littattafai suna cin nasara inda suka amince da ma'anar da Hausa ta riga ta ba kalma, suna kuma tuntuɓe inda suka ɗora wa kalma nauyin Girkanci ko Turanci ba tare da bayani ba. Tunda dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aikin ƙamus da daidaita kalmomi zai ƙaru, saboda haka ga abu uku da ya kamata a lura da su. Na farko, ƙamus ya nuna ma'anar majami'a ta bege da sama da lahira dabam da ma'anar gama-gari, kada a share ɗaya don ɗaya. Na biyu, duk takardar da za a ba sababbin masu karatu, ta addini ce ko ta noma ko ta kiwon lafiya, a karanta ta tukuna a gaban mutanen wurin, a tambaye su abin da suka ji. Na uku, a ƙarfafa wa ƴan ƙasa guiwa su rubuta da kansu, domin wanda ya taɓa leƙa rumbu a watan Agusta ya ga ƙasansa ya san inda iyakar tanadi da haɗama take.