Ta'aliƙi a kan sunan Is'haƙu, warka ta 14

A gefen wannan warka, daidai aya ta 71 ta Suratu Hudu, mai kundin, Allah ya jiƙan sa, ya rubuta da ajami cewa Is'haƙu daga "as'haƙa" ya fito, wato nisantarwa. Na ce: wannan tuntuɓen alƙalami ne, kuma da na bar shi ya wuce ba don abin da na gani ba. Wani almajirina a Maradi ya karanta hashiyar nan, ya zo mini yana son canja wa ɗansa suna bayan an yanka rago, wai Isiyaka na nufin wanda Allah ya nisanta.

Ka sani, ya kai ɗalibi, ayar da kanta ta warware zancen. Ba'un jarri ta shiga kan sunan, amma ya ɗauki fataha, ba kisira ba, kuma babu tanwini. Malaman nahawu sun ce an hana shi sarfi saboda illa biyu: alami ne, kuma ba'ajame ne. Da masdarin "as'haƙa" ne, da ya karɓi kisira da tanwini. Jawaliƙi, mai littafin Al-Mu'arrab, wanda ya rasu a shekara ta 540 bayan hijira, ya ƙidaya sunayen annabawa duka a cikin na ajam, ban da Adamu, Salihu, Shu'aibu da Muhammadu, tsira da aminci su tabbata gare su.

Asalinsa Ibraniyanci ne, Yis'haƙ da sodi, ma'anarsa "yana dariya". Sodinsu yakan zo a gurbin lodin Larabci, kamar "eres" da "ardu", duka ƙasa ke nan. Saboda haka tushen sunan ɗan'uwan "dahika" ne. A ayar nan kuwa, matar Annabi Ibrahim ta yi dariya aka yi mata bushara da shi. Sai dai kada ka zarce: Alƙur'ani bai ce dariyar ce dalilin sunan ba, mutanen Attaura ne suka faɗi haka, wasu masu tafsiri kuma sun fassara kalmar da haila.

Mai kundin gwani ne a rasmu da wuraren waƙafi, na amfana da shi ƙwarai. Kunne ne ya ruɗe shi a nan, kamar yadda yakan ruɗi mai neman tushen Larabci ga kowane suna. Yaron dai yana nan da sunansa.

Allah shi ne mafi sani.