BABI NA UKU: WAƘOƘIN SHANTI DA WAƘOƘIN MASHAYA NA ƘASAR AYILAN

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar waƙar aiki da matsayinta a adabin baka. A wannan babi kuwa za a dubi waƙoƙin ma'aikatan jiragen ruwa, waɗanda ake kira shanti, tare da waƙoƙin da ake rerawa a mashayun ƙasar Ayilan. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa abu guda ne, kuma Ayilan ce mahaifarsu duka. Manufar babin ita ce a auna wannan zato ta fuskar asali da zubi da jigo, domin idan aka bar shi yadda yake, an tauye haƙƙin waɗanda suka ƙagi waƙoƙin da guminsu.

3.1 Asalin Waƙoƙin Shanti

Shanti ta bunƙasa ne a jiragen fatauci masu filafilai a ƙarni na 19, musamman daga shekarun 1830 zuwa na 1880. Masu jirage sun so a yi jigilar kaya mai yawa da ma'aikata kaɗan, don haka tilas a haɗa ƙarfi lokaci guda wajen jan igiya ko ɗaga anka. Waƙa ce ta zama ma'aunin wannan haɗa ƙarfi. Abin lura shi ne, a jiragen yaƙin Ingila, inda ake da hannaye da yawa, ba a yarda da waƙa wajen aiki ba, sai dai busa usur. Wannan ya nuna cewa buƙata ce ta haifi shanti, ba nishaɗi ba.

Stan Hugill, wanda shi kansa ya yi jagorancin shanti a teku, ya nuna a littafinsa Shanties from the Seven Seas (1961) cewa tasoshin ruwa na kudancin Amurka, irin su Mobile da New Orleans, sun zama kamar kasuwar musayar waƙoƙi. A nan ne baƙaƙen fata 'yan dako suke cusa dilolin auduga cikin jirage suna waƙa, Turawa ma'aikatan jirgi kuma suka yi aiki tare da su suka koya. Rabon mutanen Ayilan ya shigo ta wata ƙofa. Tun a 1818 jiragen kamfanin Black Ball suka fara zirga-zirga tsakanin Niyu Yok da Libaful, kuma yunwar da ta auka wa Ayilan daga 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan 1, ta cika Libaful da 'yan ci-rani. Da yawansu sun kama aikin jirgi, suka zo da karin waƙoƙin garinsu. Ke nan shanti gamin-gambiza ce, Ayilan kuwa ɗaya ce daga cikin masu zuba gari a tukunyar.

3.2 Zubi da Tsari

Tsarin shanti na jagora da 'yan amshi ne. Jagora ya rera ɗan waƙa, ma'aikata su amsa, kuma a kan wata gaɓa ta amshin ake fizgar igiya. Nau'in aiki shi yake yanke tsawon amshi. Waƙar “Haul Away Joe” ta fizga ɗaya ce mai ƙarfi, saboda haka amshinta gajere ne. Waƙoƙin ɗaga anka kuwa, inda ake zagaya ana tura sanduna har igiya ta naɗe, suna da dogon amshi mai tafiya daidai da taku. Wanda ya san waƙoƙin daɓe ko na daka na matan Hausawa ba zai yi baƙunta a nan ba, domin saukar madaɓi ko taɓarya ita ke riƙe da kari.

Hikimar shanti tana ga amshi, rauninta kuma yana ga ɗiya. Jagora yakan ƙago ɗiya nan take don kada waƙa ta ƙare kafin aiki, shi ya sa sau da yawa ɗan farko ba ya da dangantaka da na biyu. Idan aka karanta ta a takarda sai ta zama kamar ba ta da kai, amma kuskure ne a auna ta da ma'aunin rubutacciyar waƙa.

3.3 Jigo

Babban jigon shanti shi ne koke. Ana rera “Leave Her, Johnny” ne a ƙarshen tafiya, yayin da ake yashe ruwan jirgi da famfo karo na ƙarshe. A cikinta ma'aikata sukan kushe abinci da shugabannin jirgi, abin da ba su isa su faɗa a bakin magana ba. Waƙa ta zama musu rigar kariya, kamar yadda habaici yake ga mai niƙa. Sauran jigogin sun haɗa da begen gida da mata da giya.

3.4 Waƙoƙin Mashaya

Waƙar mashaya ta zaune ce, tana ba da labari daga farko har ƙarshe, amshinta kuma na tafi ne da annashuwa. Idan aka bi salsalar fitattun cikinsu, za a tarar da yawa ba 'yan gida ba ne. “The Wild Rover” ta samo tushe daga waƙoƙin Ingila na ƙarni na 17, kuma jigonta na asali gargaɗi ne ga mashayi, amma yau da ita ake ɗaga kofi. Ewan MacColl ya yi “Dirty Old Town” a 1949 a kan garin Salford na Ingila. “The Fields of Athenry”, mai maganar zamanin yunwa, Pete St. John ne ya yi ta a shekarun 1970. Ita kuwa “The Leaving of Liverpool”, daga bakin wani tsohon ma'aikacin jirgi Ba'amurke aka tattaro ta, kuma ta hutu ce, ba ta aiki ba.

Abin da ya haɗa su wuri ɗaya shi ne farfaɗowar waƙoƙin gargajiya a shekarun 1960. Ƙungiyar Clancy Brothers ta yi suna a talabijin ɗin Amurka a 1961, The Dubliners kuma ta kafu a 1962 a birnin Dublin. Sun rera shanti da waƙoƙin labari a dandali ɗaya, da jita da banjo, sai mai sauraro ya ɗauka duk na Ayilan ne. Irin wannan ruɗani ya sake faruwa a 2021, lokacin da “Wellerman” ta yaɗu a TikTok da sunan shanti, alhali waƙar labari ce daga Niyu Zilan.

3.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa aiki ne ya haifi shanti, hira kuma ta haifi waƙar mashaya. Da jirage masu inji suka kori masu filafilai, shanti ta rasa igiyar da take ja. Mawaƙan Ayilan sun cancanci yabo don sun ba ta masauki, amma mai masauki ba uba ba ne. Babi na gaba zai dubi salon sarrafa harshe a waɗannan waƙoƙi.